Yadda Na Rufe Wa Bindiga Baki A Madina

Ni maƙerin inji ne, kuma ba zan yi muku kawaicin ƙarya ba: na iya. Tun ina saurayi a Ƙofar Ruwa a Kano, idan aka kawo ƙarfen da ya gagari kowa, ni ake aikawa a kira. Nakan shafa ƙarfe da yatsa in gaya maka inda ya karkace kafin a ɗauko ma'auni. Samari masu sana'ar hannu nake so su ji labarin nan, musamman waɗanda aka fara yabo.

Mahaifina ya riga ni zuwa Madina da shekaru masu yawa. Ya yi gadi har ƙarfinsa ya ƙare, mahaifiyarmu ta rasu, aka yi aka yi ya koma gida ya ƙi. Yana zaune a wani ɗan ɗaki a Harra ta Gabas, cikin tsofaffin gidajen nan da ke kan baƙin dutse, kuma burinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a. Ranar da na sauka da igamata, wato takardar zama da aiki, ya riƙe hannuna ya ce, "To, alhamdu lillahi, na samu mai saka ni a kabari. Kada ka bari bare ya riga ka." Na ce, "Baba, in Allah ya yarda ni zan saka ka." Abin da ya kawo ni ke nan, aikin ma don in samu damar zama ne.

Na kama aiki a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a kan injin sassaƙa ƙarfe. Ba a daɗe ba sunana ya zaga. Mai warshar, wanda shi ne kafilina, wato ubangidan da takarduna ke ƙarƙashinsa, ya ga ba ya bukatar tsayawa a kaina, sai ya sakar mini komai.

Wata rana wani Balarabe mai gonar dabino ta wajen Uhudu ya shigo, ana ce masa Abu Fahad. Mutum ne mai son harbin bara da ƙaramar bindigar nan mai ɗan siririn harsashi, kuma yana da lasisinta. Ya kawo mini mazaunin darbil, madubin da ake ɗora wa bindiga don hango nesa. Ya ce da ya yi harbi kaɗan sai saitin ya goce, ya kai wurare sun kasa. Na duba na ga matsalar, na sassaƙa masa sabo. Bayan kwana biyu ya dawo yana ɗaga murya tun daga ƙofa, "Ya mu'allim! Wallahi hannunka zinariya ne!" Mu'allim shi ne gwanin sana'a a bakinsu. Ya nuna mini takardar da ya harba, duk harsasan sun bi ta rami ɗaya. Ban taɓa riƙe bindiga ba, amma ranar ji na yi kamar ni na yi harbin.

Daga nan abokansa suka yo caa. Wannan yana son ƙafafun da ake girke bindiga a kansu, wancan yana son a gyara masa zoben madubi. Har zuwa nan ban karya doka ba. Sai dai na kamu da wata cuta: in rana ta faɗi ba a ce mini mu'allim ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Sannan Abu Fahad ya zo da maganar katim, wani bututu da ake ɗaura wa bakin bindiga ya shanye ƙarar. Ya ce maƙwabtan gonarsa suna ƙorafi. Na san haramun ne a dokar ƙasar, kowa ya sani. Na ce masa a'a. Bai yi musu ba, ya ɗaga kafaɗa kawai ya ce, "Khalas, ma fi mushkila, shi ke nan, ba damuwa. Dama an gaya mini aikin masana'antar Turai ne, ba a iya yin sa da hannu." Ya tafi ya bar ni da maganar tana cina.

Da kuɗi ya yi mini tayi, da na iya ƙi. Amma a ce ba a iya yi? Na yi ta juya abin a kaina, ina gwadawa ina zubarwa idan abokan aiki sun fita cin abinci. Yadda na yi shi kuwa ba zan faɗa ba, ko wanda muka kwana ɗaki ɗaya a kurkuku ya tambaya ban gaya masa ba. Ranar gwaji Abu Fahad ya kai ni gonar. Ya harba, na ji wani ɗan "tas" kamar an karya tsinke, kurciyoyin da ke kan dabinon kusa ko motsi ba su yi ba. Ya rungume ni ya sumbaci goshina. Na dawo gida ina tafiya kamar ni na gina Madina.

Wanda ya ce don maƙwabta yake so, ashe tsuntsaye yake so. Ya fara aiko mini da kurciyoyi a leda. Na sa aka soya na kai wa Baba, ina murna zai ci nama. Ya dubi kwanon ya ce, "A ina aka harbo su?" Na ce a gonar wani abokina, nan kafin dutsen Uhudu. Sai ya ture kwanon a hankali. Ya ce, "Kai, cikin harami ke nan. Ba ka san ba a farauta a Madina ba? Tsuntsun garin nan a cikin amana yake. Kuma yaya aka yi ana harbi a nan kusa ba wanda ya ji?" Na ce ban sani ba. Sai ya ce in fitar masa da su daga ɗaki. Na ji kunya a ranar, amma da gari ya waye na koma na kunna injina, domin akwai mutanen da ke jiran nasu katim ɗin.

Na yi su da yawa, kowanne ya fi na baya kyau. Ban taɓa tambayar inda suke zuwa ba.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, ƙarar bindiga gargaɗi ce. In mutum ya ji ta, zai san ya kauce. Lokacin yankan dabino, wani lebura Basudane yana can saman bishiya cikin ganye a wata gona, wasu samari suna harbin tsuntsu a gonar da ke kusa. Bai ji komai ba balle ya yi magana, su ma ba su san da shi ba. Harsashi ya same shi a cinya, ya faɗo. Ya rayu, amma ba zai sake hawa dabino ba. Aka kama samarin da bindigar, katim ɗina yana bakinta.

'Yan sanda suka bi warsha-warsha suna kwasar masu aikin inji, har da ni. Ba wanda ya ambaci sunana, domin abin ya bi ta hannu da yawa kafin ya kai ga yaran. Aka shigar da ni gaban wani jami'i, ga katim ɗin a kan tebur. Ya ce, "Ka san wannan?" Na ce ban taɓa ganinsa ba. Zuciyata tana kan Baba, ina cewa in dai na fita daga nan na tuba. Jami'in ya juya abin a hannunsa, ya dubi abokin aikinsa ya ce, "Na gaya maka ɓata lokaci muke yi. Dubi aikin nan, shigo da shi aka yi daga waje. Waɗannan ai walda kawai suka iya. Sallame shi."

Aka miƙo mini igamata. Na karɓa, na kai bakin ƙofa, har na kama marfin. Ga titi ina hangowa. Wallahi ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "Ba daga waje aka kawo shi ba. Ni na yi shi, da hannun nan." Jami'in bai ko yi mamaki ba. Ya jawo kujera da ƙafa, ya nuna mini in zauna, ya ce, "Tafaddal, ya mu'allim." Sai a lokacin na gane ba ni ne na farko da ya yi wa wannan maganar ba a ranar, ni ne dai na farko da ya juyo.

Aka yanke mini ɗauri, bayansa kuma tarhil, wato a mayar da ni ƙasarmu ba dawowa. Baba ya zo ganina sau ɗaya, wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a jami'a ya riƙo shi. Na zaci zai yi faɗa. Cewa ya yi, "An ce da bakinka ka faɗa." Na ce e. Ya ce, "To, gara haka da a ɗaure wani." Na kasa gaya masa cewa ba don son gaskiya na faɗa ba, don alfahari ne. A kurkuku ne na koyi bambancin, na roƙi Allah gafara, na aika aka nemi Basudanen nan ya yafe mini, ya kuwa yafe.

Da na gama wa'adina, daga kurkuku sai jirgi, ba a bar ni na biya ta Harra ba. Yanzu ina Kano, ina sassaƙa kayan injin niƙa da na famfon ban ruwa, kuma har gobe babu wanda ya kama ƙafata a layinmu. Ina alfahari da wannan, kowane ƙarfe da ya fita daga hannuna zan iya nuna shi da rana tsaka.

Ku samari, ba zan ce kada ku so sana'arku ba. Ku ƙware har a riƙa neman ku. Amma ku lura da mai ce muku "ba za ka iya ba", sau da yawa ya san za ku iya, so yake ku yi masa. Kafin ku kunna inji, ku tambayi inda abin zai je da wanda zai iya samu. In doka ta hana, ku bar shi, ko da ku kaɗai ne a duniya kuka iya.

Baba ya samu abin da ya roƙa, yana Baƙi'a. Ina tsaye a kan inji ɗalibin nan ya kira ni. Ya ce an yi salla a Masallacin Annabi, jama'a sun cika, kuma da aka zo kabari aka tambaya ko akwai ɗansa a wurin. Ya ce sun ɗan jira, sannan shi ya sauka kabarin ya saka shi.