Ƙofar da Yaya Sani Yake Bari

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Sani a haɗarin mota kan hanyar Tsafe, yana dawowa daga duba wani gini. Bai ga Gusau ta zama babban birnin jiha ba. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba, sai kuma in yi istigfari.

Zanen gine-gine ya karanta. Duk gidan da ya zana, sai ya bar wata 'yar ƙofa a katangar da ta raba shi da maƙwabta, daidai wucewar mace ɗaya, da magudanar ruwa a ƙarƙashinta. Masu gida sukan yi ƙorafi. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce, "Alhaji, ran da matarka za ta haihu kana kasuwa, ta ina za a shigo mata?" Gidanmu na unguwar Damba a Gusau ma haka ya yi. Ta nan Inna da maƙwabciyarmu Hajiya Kulu suke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labari.

Bara wani babban mutum ya saye gidan su Hajiya Kulu, ya rushe, ya ta da katanga mai fasassun kwalabe a kai. Ƙofar da magudanar duka aka toshe. Wanda ya zana masa abokin Yaya ne, tare suka yi karatu. Na tare shi na roƙe shi ya sa a buɗe mana su, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙanwata, mi zan yi? Mai gida ya ce ba ya son a leƙo shi."

Daminar bana, wata la'asar, ruwa ya rasa mafita, ya taru a tsakar gidanmu har gwiwa. Ina riƙe da Inna bangon ɗakinta ya zube a bayanmu. Na ruga wurin da ƙofar take, ina dukan siminti ina kiran Hajiya Kulu, na ma manta ta tashi. Ba wanda ya amsa. Har yau in hadari ya haɗo, ba na iya zama ni kaɗai a ɗaki.

Yaya, da kana nan me za ka ce? Za ka ƙi aikin, ko kai ma sunkuyar da kai za ka yi? Wallahi ban sani ba, kuma rashin sanin yana damuna.

Yanzu muna Bungudu wurin Gwaggo, a gidan da Yaya Sani ya zana mata, kuma Inna ta ce ba za ta koma ba. Ban san kowa a nan ba. Amma jiya da sama ta yi baƙi, na ji an turo 'yar ƙofar, wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyar Gusau, taho mu zamna tare har shi wuce."

Allah Ya jiƙan Yaya Sani, Ya buɗe masa ƙofa a inda yake.