Gwangwanin Sinnar da Tokar Kaka

Goɗiya ɗaya gidanmu ya mallaka. Ita ke kai kawu Sale kasuwar Abu Hujar, ita ke ɗauko dawa daga gona. Sai wani tsiro kamar goruba ya fito mata a gefen ido.

Maganin Kaka toka ce da ruwan tumfafiya, kuma ni ke kwaɓa mata. Ana haka kawu ya dawo daga Sinnar da gwangwani mai hoton doki da rubutun Larabci. Ɗansa Bala ne kaɗai ɗan makaranta a gidan, shi aka miƙa wa ya karanta: man zaitun, farar wuta, da sirrin likitoci. Kowa ya gyaɗa kai. Bayan sallar isha, a bakin wuta, Kaka ta jawo shi jikin gwiwarta, wurin da na saba zama, ta ce, "Yau kai ne mijina, wancan na sake shi." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Tatsuniyar da Kaka ta yi mana ranar ta wasu 'yan'uwa biyu ce da dokin ubansu ya yi ƙari. Babban ya samo magani a ƙwarya mai zane, ƙaramin ya samo nasa ƙulle a tsumma. Kowanne ya riƙa shafa nasa a ɓoye don a yabe shi. Suna gardamar na wa ya fi, dokin ya tsinke igiya ya shige daji.

Na ce, "Ai na tsumman ne na gaskiya ko, Kaka?" So nake ta kunyata Bala.

Ta tura itace cikin wuta. "Sakakken miji, wa ya gaya maka? Tokar nan na ga uwata ta shafa, ni ma na shafa. Ban taɓa bin doki na ga ƙarshensa ba. Shi kuma na gwangwani, hannun da ya rubuta shi ne ya zuba?"

Aka yi ta shafa duka biyun har aka gama tsinkar auduga. Tsiron ya fashe, idon ya tafi, aka sayar da goɗiyar ta koma jan amalanken wani.

Yau dillancin dabbobi nake yi. Ko a tsumma aka kawo mini magani ko a kwalba, tambayata ɗaya ce: wace dabba ya warkar, tana ina in gani? Tambayar nan ta gina mini gida.

In an yi lissafi, kawu ya rasa goɗiya, ni na samu sana'a. Bala kuwa ya samu gwangwani da gwiwar Kaka har ta rasu. Har yanzu gani nake ya fi ni riba.