Sunan da ke Bayan Hoto

Kullum da hantsi Baba Mai Hoto zai buɗe shagonsa da ke daura da ƙofar masaƙa, ya yi shara, ya jawo kwali guda ya zauna da fensir. Tun masaƙar na aiki shi ke ɗaukar hoton katin shaidar ma'aikata, kuma bai taɓa miƙa hoto ba tare da ya ajiye ɗaya ba. Da aka rufe masaƙa, sai ya dinga bin hotunan yana rubuta suna a baya, da sunan uba, da gidan da mutum ya yi aure. Mu kuwa muna wucewa muna tsokanarsa, wai mai gadin bola.

A gaban mai facin da ke maƙwabtaka da shi wata tela ta zo, mahaifinta ya rasu tun tana ciki. Baba ya ce, "'Yata, ɗan juya gefe." Sai ya yi dariya. "Wannan kunnen ai na Dogo mai rini ne!" Ya zaro hoton mahaifin nata. A ƙasa ta zauna tana kuka, mai faci ma sai da ya goge ido.

Yanzu ganinsa ya ja baya, ga kwalaye jibge bai kai kansu ba. Ranar da ya daina gani, waɗannan fuskokin ba mai sake sanin su.

Muka ce a karrama shi. Aka nemi hotonsa, duk garin nan ba mai shi, har 'yarsa. Kai, abin kunya! Na ɗauke shi da waya, na wanko, ni da abokaina muka kai masa. Ya shafa, ya juya shi, ya miƙo min fensir.

"To ɗana, rubuta suna a baya."

Na riƙe fensir, wallahi ban san sunansa ba. Na waiwayi abokan tafiyata, kowa ya sunkuyar da kai.

Baba, kai ne ka riƙe mana iyayenmu lokacin da muke maka dariya. Ka yafe mana. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma jama'a, ku juya hotunan gidajenku ku rubuta suna tun masu sani na raye. Ku zo ku riƙe wa Baba fensir tun yana gani. In kun zo, ku fara da tambayar sunansa.