Kalmomin Innar Ubale

Ina guga a shagona a unguwar Balad ta Jidda, maƙwabcina Saleh ya leƙo ya ce Ubale ya cika da hantsi. Na ajiye dutsen a kan rigar mutane har ta yi wari.

Ubale ɗan Damagaram ne. Yana yaro suka taso hajji a ƙasa, innarsa ta rasu a hanya kafin su ga teku. Ba ta bar masa ko zobe ba, sai bakinta. Mu da aka haifa a Jidda kuwa, rabin zancenmu Larabci ne, shi ya sa ya mai da kansa mai gadin Hausa. In na ce halas sai ya ce in koma in faɗa da harshen iyayena. In na ce kwalba ma sai ya gyara mini, wai buteli ne na asali, haka Inna ke faɗa. Faranti asiyeti, hankici mushuwar. Da su ya rene 'yarsa Madina, ita kuma tana alfahari da su a gidan biki.

Dako yake yi a mina, inda jirage ke sauke kaya. Wata shekara wajen 1968 aka sa shi kai ruwa kicin ɗin wani jirgin Faransa. Kukun ya nuna kwalba ya ce buteli. Ubale ya yi murna, ya zaci Bature ya koyi Hausa, har ya kama koya masa saura. Kukun ya ɗaga faranti ya riga shi faɗa. Wani ma'aikaci ɗan Dakar ne ya fahimtar da shi, a gaban 'yan dako, cewa duka Faransanci ne, na mutanen da harajinsu ya kori su Ubale daga gida.

Daga ranar bai ƙara gyara wa kowa magana ba. Ko na tsokane shi da yalla, sai ya duba ƙasa. Kwalba ma nuna ta yake yi da hannu.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je duba shi ranar Juma'ar da ta wuce a gidansa a unguwar Bagdadiyya. Madina ta share masa gumi ta fita. Ya riƙe hannuna, ƙaunataccena, hannunsa duk ya zama ƙashi.

"Rafi'u, kana ganin Inna ta sani?"

Na ce ban sani ba, amma daga bakinta ya ji su, ba daga bakin Bature ba.

Ya kalli ƙofa. "To kar ka gaya wa Madina," ya ce. "Ita ma ban bar mata komai ba sai su."