Ranar da Motata Ta Kafe a Gaban Baba

Shekarar da na sayi jif ita ce shekarar da Baba ya zo Dubai aka yi masa aikin ido. Lokacin na kai shekara goma sha huɗu a unguwar Deira. Ina da ɗan ofishin kago a Al Ras, inda nake haɗa wa ’yan kasuwarmu na Kano kaya ina tura musu a kwantena, muna kuma zaune da iyalina a hawa na uku a wani gida a Al Khabaisi. Motar ba sabuwa ba ce, amma fara ce sol, doguwa, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda direbobi ke ce wa mai fowil. Na sa mata fitilu a sama, na ɗora mata kariyar ɗaukar kaya a kan rufi, na sa aka yi wa gilasanta duhu. Ban taɓa sauke ta daga kwalta ba.

Baba direban babbar mota ne tun kafin a haife ni. Shekara talatin ya yi yana zarya tsakanin Kano, Damagaram da Agadas. Mu ’ya’yansa bai bar ko ɗaya ya taɓa sitiyari ba. Makaranta ya tura mu, ya ce wahalar hanya ta ƙare a kansa. Tun da na buɗe ofis yake kirana Manaja, kuma har yau ba na iya rarrabe ranar da yake yabo da ranar da yake zolaya.

Da na ɗauko shi daga filin jirgi, ya zagaya motar sau ɗaya, ya duƙa ya dubi taya.

“Ta taɓa shiga rairayi?”

“A’a, Baba.”

“To,” in ji shi, ya buɗe ƙofa ya shiga.

Aikin ido ya yi kyau, likita ya ce ya zauna mako uku kafin ya koma. Na kai shi manyan kantuna, na kai shi ya ga dogayen gine-gine. Duk inda muka je benci yake nema ya zauna. Abu biyu kawai suka burge shi: bakin ruwan Port Saeed, inda yake tsayawa yana kallon yadda ake loda jiragen katako yana kushe ɗaurin kayan, da kuma masallacin unguwarmu.

A masallacin nan ya haɗu da wani maƙwabcinmu, ɗan Zangon Kumasi, wanda ke tuƙi a wani kamfani mai kai ’yan yawon buɗe ido cikin sahara. Sa’ana ne, ko ya gaza ni da shekara biyu. A hawan ƙasa na gidanmu yake, su biyar a ɗaki ɗaya. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai dai ni da matata mukan yi dariyar Hausarsa, don a wurinsa mota ma namiji ce. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga bayan sallar asuba Baba ya daina biyo ni gida. In na leƙa ta taga sai in hango su a kan dakalin shagon shayi, Baba yana zana wani abu a iska da hannu biyu, shi kuma yana gyaɗa kai. Labaran da nake ji ta bakin taga ban taɓa jin su a gidanmu ba. Ban san Baba ya taɓa kwana huɗu a kafe a bayan Agadas ba sai da na ji yana gaya wa baƙo.

Ni na kawo shawarar mu fita bakin teku ranar Asabar, can gaba da Ajman, inda mutane ke sauka da motocinsu har gaɓa. So nake Baba ya ga abin da motar za ta iya. Sai ya ce, “Madalla. Ka gaya wa Direba ya shirya.” Haka yake kiran maƙwabcin namu, Direba, kamar sarauta.

Na ce, “Baba, ai yana da aiki.”

“Na riga na tambaye shi. Hutu yake.”

Ranar Juma’a bayan la’asar Direba ya same mu a wurin ajiye motoci da wani tsohon buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a ƙasa: shebur mai gajeriyar ƙota, igiyar jan mota, falankai biyu masu ƙurji-ƙurji, ɗan injin busa iska mai jona da batir, da gejin auna iskar taya. Ya buɗe bayan motar ya dubi abin da na loda tun safe. Kujeru shida, tebur, kula biyu, janareta ƙarama, darduma.

“Alhaji,” ya ce mini, “kaya ya yi yawa. Mota in ya yi nauyi, yashi na son shi.”

Baba ya yi dariya. Aka sauke janareta da tebur da kujeru uku. Abin da na ɗaure a kan kariya ma aka sauko da shi ƙasa, wai nauyi a sama yana sa mota tangaɗi. Sannan ya tambaye ni ina ƙugiyar da ake ɗaura igiya in za a ja motar. Na zagaya gaba, na zagaya baya. Wata takwas ina hawan motar, ban sani ba. Ya kwanta a kan siminti da farar rigarsa ya nuna mini ita a ƙarƙashin bamba. Ya duba safaya, ya duba ruwan lagireto, ya shiga ciki ya nuna mini wani maɓalli da ya ce a kashe kafin a sauka rairayi, in ba haka ba motar za ta riƙa kama birki da kanta duk sanda taya ta zame.

Baba yana tsaye da baƙin gilashin da likita ya ba shi, hannu a baya. “Ka gani, Manaja? Mutum ya fara duba ƙasan mota kafin samanta.”

Ni fitilun da na sa a sama nake kallo.

Mun fita bayan asuba, mu uku, don matata ta ce ita da yara ba za su iya sammakon ba. Lokacin sanyi ne, gari ya yi daɗi. Ni ke tuƙi, Baba a gefena, Direba a baya. Amma rabin tafiyar Baba a juye yake, yana magana da kujerar baya.

Inda kwalta ta ƙare Direba ya ce in tsaya. Ya ce za a rage iskar tayoyi daga talatin da biyar zuwa sha biyar, don taya ta baje ta kwanta a kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Na ce sha biyar ta yi kaɗan, na karanta cewa taya tana iya fita daga wili. Ya ce haka ne, in mutum ya murɗa kan mota da ƙarfi yana gudu, amma mu a hankali za mu je.

“Mu da ƙafa muke aunawa,” in ji Baba. “Ka sace iska har ka ga cikin taya ya fito kamar na mai ƙoshi.”

Na ce ni zan yi ɓangarena, shi ya yi nasa. Ya gama nasa biyun ya miƙo mini geji. Na durƙusa a bayan motar inda ba sa ganina, na danna bawul, iska tana fita. Ina jin su a ɗaya gefen, Baba yana tambayarsa ko mahaifinsa na da rai, yana cewa ya rasu tun yana ƙarami. Sai na ji Baba ya ce, “To daina ce mini Alhaji. Ce mini Baba.”

Na cire hannuna daga bawul. Geji ya nuna ashirin da shida. Na yi wa ta gaba haka ita ma, na mayar da murfi, na miƙe na ce an gama. Ba mantuwa na yi ba. So nake in wuce rairayin nan da iskar da ni na zaɓa, in kuma gaya musu daga baya.

Na sa fowil muka sauka. Da farko ƙasar da ɗan tauri, motar tana tafiya, har na fara ƙara wuta. Da muka kai inda rairayi ya yi laushi, fari, busasshe, sai na ji sitiyari yana ja zuwa ɓangarena. Motar ta fara nishi.

“Shwayya, a hankali, Alhaji, kar ka tsaya, kar kuma ka taka da ƙarfi,” in ji Direba.

Na taka da ƙarfi. Rairayi ya tashi ta taga, motar ta karkata, ta zauna. Na sa ribas na sake takawa, ta ƙara nutsewa.

“Cire ƙafarka,” Baba ya ce. Bai ɗaga murya ba. Na cire.

Muka fito. Tayoyin ɓangarena sun shige har rabi, cikin motar ya kusa taɓa ƙasa. Teku tana can gabanmu kamar taku ɗari, Direba ya dube ta ya ce ruwa janyewa yake, muna da lokaci. Ya ɗauki shebur ya fara buɗe gaban taya. Baba ya naɗe hannun riga ya durƙusa yana yaye rairayi da tafin hannu. Na ce, “Baba, idonka, likita ya ce ban da ƙura.” Ko juyowa bai yi ba. Mutum mai shekara saba’in da ɗoriya, wanda nake riƙe wa hannu a matakala, ga shi a gwiwa yana aiki kamar an mayar masa da shekara ashirin. Ba sa ma magana. Wannan ya yaye, wancan ya cusa falanki. Ni ina tsaye da makulli a hannu.

Direba ya sa geji a tayar baya. Na ga ya dubi lambar, ya sake duba ta. Sai ya danna bawul, iska ta yi ta fita, ta daɗe tana fita, har Baba ya ɗago kai.

“Nawa ka samu?”

“Baba, wannan geji wani lokaci yana ƙarya. Yashi na shiga cikinsa.”

Baba ya dubi tayar, ya dube ni ta cikin baƙin gilashi, ya koma kan aikinsa. Da Direba ya tona ni, da na sami abin riƙewa a kansa. Rufa mini asirin da ya yi ya fi kafewar ciwo.

Da aka gama, ya ce in shiga in sa giyar ƙarfi, in taka kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron tada mai barci. Motar ta hau falankai ta fito ba gardama. Na yi ɗan nisa na tsaya inda ƙasa ke da danshi.

Tun zuwan Baba sau biyu yana neman makullin motar, ina hana shi, ina cewa ba shi da lasin ƙasar, ga kuma ido. A nan bai tambaya ba. Ya zo ya buɗe ƙofata ya tsaya. Na sauka. Ya ce, “Direba, zo nan gaba ka nuna mini maɓallan nan nasu.” Na koma kujerar baya, kusa da buhun kayan aiki.

Ban taɓa ganin Baba yana tuƙi a rairayi ba sai ranar. Yatsu uku kawai ya ɗora a sitiyari. Ba ya taɓa birki, in zai tsaya sai ya saki totur motar ta tsaya da kanta. In zai juya sai ya yi kwana mai faɗi, yana bin sawun da wasu suka bari. Yana tuƙi yana bayani, Direba yana cewa, “Haka ne, Baba, haka muke yi a kan tudu.” Wani wuri Direba ya nuna masa wata dabara ta sauka gangara, Baba ya ce, “Wannan ban san ta ba.” A rayuwata ban taɓa jin ya faɗa wa wani haka ba. Ina kallon ƙeyarsu daga baya, cikin motar da na saya.

Mun ci abinci a inuwar motar. Kafin mu hau kwalta Direba ya jona injinsa ya mayar wa tayoyi iska ɗaya bayan ɗaya, a hanya kuma ya sa muka tsaya aka wanke ƙarƙashin motar saboda gishiri. Baba ya yi barci tun daga Sharja. Da muka iso gida matata ta tambaye ni yaya fita, na ce lafiya lau.

Bayan Baba ya koma Kano na yi abin da ba na alfahari da shi. Na daina tsayawa gaisawa da Direba, sai ɗaga hannu daga nesa. Na canja lokacin fita. Shi bai canja ba. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, “Alhaji, Baba ya aiko mini saƙo jiya, ya ce in gaishe ka.” Ashe saƙon murya suke yi wa juna kusan kullum. Ni sai Juma’a nake kira, mu yi minti biyar, ya tambayi yara da kasuwa.

Na sayi geji nawa da injin iska da falankai. Na yi ta komawa gaɓar nan ni kaɗai har na iya. Na kafe sau biyu, na fitar da kaina. Na ɗauki hoton motar a bakin ruwa na tura wa Baba. Ya amsa da cewa, “Ya yi kyau, Manaja. Nawa ka bar iskar?” Na ce sha biyar. Ya ce, “Direba ya ce yanzu da zafi rairayi ya fi laushi, ka ƙara ragewa.”

Bara da ya sami hutun shekara, Direba ya bi ta Kano kafin ya wuce Kumasi. Ban sani ba sai da ƙanwata ta turo mini hoto ina ofis, ina tsaka da cike takardun wata kwantena. A gidanmu ya sauka, kwana uku. Hoton a tsohuwar tashar manyan motoci aka ɗauke shi. Baba ne a tsakiya da babbar riga, tsofaffin abokan aikinsa huɗu a gefe, Direba a damansa sanye da hular da na san ta Baba ce. Ƙanwata ta rubuta cewa Baba ya yi ta zagayawa da shi yana nuna shi ga mutane.

Na daɗe ina kallon hoton. Na rubuta mata “Masha Allah”, na kifa wayar a kan tebur. Mai kayan da ke zaune a gabana ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, muka ci gaba da takardu.