Tayoyin Yaya Mamman

Duk wanda ya zauna a unguwar Deptford a shekarun tamanin ya san Yaya Mamman da tsinken ashana a bayan kunne. Ba taba yake sha ba, ba kuma sakace yake yi da shi ba. Na sace iskar taya ne! Mijin yayata Asabe ne, kuma ko da yake ƙasa ta rufe masa ido, sai na faɗa: babu wanda ya taɓa ƙona min rai a London kamarsa.

Kafin ya zo nan, babbar mota ya tuƙa a rairayin Gaidam. A can in mota ta kafe a yashi, rage wa taya iska ake yi, ta baje, motar ta fita. To iyakar iliminsa na taya ke nan, kuma ya ƙi ƙari. Kullum cewa yake, "Auta, ƙanƙarar nan ai yashi ne da ya ji sanyi."

Da shi kaɗai yake shiga akwalar motarsa, da ban ce uffan ba. Amma Yaya Asabe na fama da ciwon ƙoda, kuma a kan tayoyin nan da suka suɗe kamar bayan tasa ake kai ta asibiti wankin ƙoda. Tun ina roƙon ya canza su har na koma masifa.

Wata safiya muka tashi dusar ƙanƙara ta rufe layinmu. Kafin kowa ya fito, bawan Allahn nan ya bi motocin maƙwabta da tsinkensa, fisss, fisss, wai taimako. Alhaji Isaka, maƙwabcinmu ɗan Kumasi, ya fito ya tarar da motar kayansa a durƙushe kamar raƙumi.

"Mamman! Wa ya taɓa van na? Ina da delivery, zan kai kaya Peckham!"

"Ni ne, Alhaji. Ba sai ka gode ba."

Ni na yini ina bi ƙofa-ƙofa da famfon ƙafa ina ba Turawa haƙuri, shi kuwa yana leƙe ta taga yana cewa na cika musu iska da yawa.

Da ƙyar na ja shi wurin masu taya. Mai shagon ya fito da wata sabuwa, ya nuna mana zurfin zanenta, ya ce wannan ruwa nata ne, ƙanƙara tata ce, zafi ma haka, ba a canza ta duk shekara. Na fassara wa Yaya Mamman, ko da yake sarai ya ji. Ya tsugunna, ya sa farce, ya shinshina ta, ya miƙe.

"Taya ɗaya ta yi damina, ta yi rani, ta yi hunturu? Wannan munafuka ce, Auta. Ba ta da alƙibla."

"Naka fa, Yaya? Ko zane babu!"

"Nawa sun san ni."

Kai! Ranar a bas na koma gida, don in na shiga motarsa sai an raba mu.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da asibiti suka bugo waya wurin aikina, wai ba su ga Yaya Asabe ba, lokacinta na wucewa. Ƙanƙara ake zubawa kamar da bakin ƙwarya. Na fito a guje, na bi hanyar da suka saba bi a ƙafa, ina faɗuwa ina tashi, ina kuka, ina hango gawar 'yar'uwata a cikin rami. Sai ga motar a gindin wani tudu, ta juya hanci tana kallon gida, tayoyi huɗu duk a baje. Na buɗe ƙofa. Jama'a, shayi suke sha! Ya lulluɓe Yaya Asabe da babbar rigarsa, kaset na tashi, tana ta dariya.

"An kusa yin cancel ɗin appointment ɗinta! Kashe ta za ka yi?"

"Auta, shigo ki rufe ƙofa, kina sa mata sanyi."

Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa na gaba. Yaya Asabe ta ce in bar mata mijinta. Ni na tsayar da taksi na kai ta, kuma na daɗe ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Ciwon ne ya ɗauke ta daga baya, a kan gadon asibiti, ba a kan hanya ba. Bayan sadakar arba'in, sanyi ya fara shigowa, sai na ji hon a ƙofar gida. Ga motar nan tsaye a kan sababbin tayoyi huɗu, irin munafukan nan da ya zaga. Na fita na tare shi.

"Yanzu? Yanzu ka ga damar saya? Wa za ka ɗauka?"

Ya ce, "Hanyar maƙabartar nan tudu ce, ga taɓo. Duk Juma'a nake zuwa."

"Da tana raye fa? Da nake ta roƙonka?"

Ya zaro tsinken daga kunnensa, ya yi ta juya shi a hannu. "Da, in mun maƙale, tare muke, Auta. Yanzu in na maƙale ni kaɗai ne, ita kuma tana can."

Na koma ciki. Na ɗauko gyalena na shiga gaban motar. Har ya rasu bai ƙara sace wa tayar kowa iska ba, kuma ruwa ko ƙanƙara, Juma'a ɗaya ba ta taɓa wuce shi ba.

Har gobe ina jin haushinka, Yaya Mamman, amma na yafe. Allah Ya ji ƙanka, Ya yalwata muku makwanci kai da Yaya Asabe, Ya sa ka isa inda take ba tare da ka maƙale ba.