Ranar da Muka Sauke Kawu a Kan Kwalta

Ni dai babur ba baƙona ba ne. Na yi acaɓa tun ina saurayi, bayan da karatu ya ƙi ni na ƙi shi a ƙaramar sakandare, har ranar da aka wayi gari aka ce an hana goyo a Kano. Daga nan na koma bakin titi da injin iska da bahon ruwa ina faci. Saboda haka in na ce wani bai san abin da ake yi da babur ba, na san abin da nake faɗa. Masu cewa hassada ce su je su yi ta cewa.

Shekarar da aka yi kullen korona, azumi ya same mu a kulle. Ga zafi, ga masallatai a rufe, ga kasuwa a rufe. Titunan cikin gari suka yi fayau, awaki ne kawai suke kwanciya a tsakiyar kwalta. In ka fita neman ko ƙanƙarar shan ruwa ce, ka ci karo da masu tsaron shinge, to sai ka yi tsallen kwaɗo da furfurarka kafin su sake ka. Ni da ba mota a titi ba taya, ba taya ba faci, sai na zama ɗan zaman ƙofar gida.

A wannan lokacin ne 'ya'yan masu kuɗi suka gano cewa Allah Ya share musu titi. Da ma suna da ƙungiyarsu ta hawan manyan babura, irin waɗanda tayar bayansu ta kusa kai ta mota faɗi. Kullum da yamma sai ka ji su tun daga wajen Ƙofar Na'isa, su ratsa gari, su zagaye Dala, su fice. Rigunan fata baƙaƙe a cikin wannan zafin, hular kwano mai baƙin gilashi, ba ka gane ɗan wane ne. In sun iso shinge, mutumin da ya sa ni tsallen kwaɗo jiya shi ne zai ruga ya janye katakon ƙusoshi yana sara musu. Wai sun manna takarda a gaban baburan cewa masu rabon tallafi ne. Ban taɓa ganin ko ƙullin gishiri a bayan ɗayansu ba. A ina ma za a ɗaura shi? Kujerar bayan ba ta fi tafin hannu ba. Babur ne da aka ƙera don kada ya ɗauki kowa kuma kada ya ɗauki komai, sai mai shi da girman kansa.

Duk wannan bai dame ni ba sosai, tsaki kawai nake yi in sun wuce. Abin da ya haɗa ni da su shi ne rasuwar Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a Koki yake, a gidan da kakanninmu suka sauka tun zuwansu daga Borno. Ɗinkin hula yake yi a zaure. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, amma duk unguwar an san shi da abu guda. In aka zo wucewa da makara, ko ta waye, sai ya soke allurarsa a jikin hular, ya zura takalmi, ya bi ya sa kafaɗa. Haka muka taso muka ga ana yi a cikin gari. Mutum huɗu ne a ƙarƙashin makara, jama'a na biye, ba ka yin nisa sai ka ji an taɓa bayanka, ka zame wani ya shiga. Da haka gawa take tafiya daga ƙofar gida har bakin kabari, ba wanda ya gaji, ita kuma ba ta taɓa ƙasa ba.

Kawu ya tsani motar gawa. Ya ce an mai da ɗan Adam buhun masara. Tun yana da lafiyarsa ya sha gaya mini, “Kai ne mai ƙashi a gidan nan. Ranar da na tafi, a kafaɗa za a kai ni. Kada a sa ni a mota, kada kuma a sauke ni a hanya.”

Nakan ce, “Haba Kawu, kai da ka ɗauki rabin Koki? Ai ranar turereniya za a yi, ni ma da ƙyar zan samu wuri.”

Sai ya yi dariya ya ce, “Na dai gaya maka.”

Zazzaɓi ya yi na 'yan kwanaki, da hantsi ya cika. A lokacin tsofaffi suna ta tafiya a gari, ba a gwada kowa ba, kowa kuma yana tsoron kowa. Na bi gida-gida ina sanarwa. Mutanen da Kawu ya ɗauki iyayensu a kafaɗarsa suka riƙa yi mini ta'aziyya ta bayan ƙyaure. Wannan mura yake yi, wancan matarsa ta ɓoye masa takalmi. Ban ce ba su da dalili ba. Na dai gan su.

Na kira 'yarsa, taubashiyata, wadda take aure a unguwar manya a wajen gari. Hajiya muke ce mata. Ta yi kuka sosai a waya, ta ce mijinta Alhaji ya hana kowa fita ko shiga, har mai gadi an hana shi zuwa gida. Can ta ce, “Amma ɗanka yana gari, zan gaya masa.” Ɗan nata babba ne, ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo, ya isa aure har ya wuce. Yana ƙarami Kawu yakan ɗora shi a cinya yana tsokanarsa cewa zai ƙwace masa mata.

Muka yi wa Kawu wanka, muka sa shi a likkafani. Bayan azahar Liman ya sallace shi a ƙofar gida, sahun ko cika faɗin lungun bai yi ba. Da aka zo ɗauka na duba masu ƙarfi. Ni, da maƙwabcinmu mahauci, da wani tela mai ciwon gwiwa, da wani ɗan ga-ruwa da ya ajiye kurarsa ya shigo sahu, wanda ko sanin Kawu bai yi ba. Mu huɗu cif, ba mai canjinmu. Sauran Liman ne da tsofaffi biyu masu sanda. Muka ce bismillah muka ɗaga.

Daga Koki zuwa maƙabartar da ke wajen Ƙofar Mazugal ba wata tafiya ba ce in da jama'a. Amma da azumi a baki, da ranar da take narka kwalta, da ƙarfen makara yana cin kafaɗa, sai hanyar ta ƙi ƙarewa. Muna fitowa babban titi na fara jin numfashin tela a bayana kamar zuga-zugi.

Sai ga ƙarar babura.

Wallahi da na waiwaya na gan su sun fi goma, suna rage gudu, sai da na ce alhamdu lillahi a fili. Samari majiya ƙarfi, kowanne ƙirji kamar ƙofa, sun sha madara tun suna goye. Na ce a raina Allah Ya kawo wa Kawu kafaɗu.

Na gabansu ya matso kusa da ni, ya ɗaga gilashin kwanonsa. Ɗan Hajiya ne.

Ya ce, “Ankul, sannu. Allah Ya ji ƙan Kaka. Na kira abokaina, mun zo mu yi masa eskot.”

Na ce, “Ku yi masa me?”

“Rakiya, Ankul. Irin ta girmamawa. Haka ake yi wa manya a waje.”

Kafin in ce wani abu ya ɗaga hannu ya yi musu alama. Biyu suka wuce gaba, wasu suka jeru dama da hagu, sauran suka bi bayan su Liman. Suka kunna fitilu da rana tsaka. Wani ya miƙe tsaye a kan babur ɗinsa yana ɗaukar mu a waya. In an ɗan jima sai su murza totur gaba ɗaya, ƙarar ta daki bangon gidaje ta dawo, hayaƙi mai zafi ya bugi ƙafafunmu. Salatin da Liman yake yi ƙasa-ƙasa ya ɓace. Mata suna leƙowa ta taga suna neman wane babban mutum ne ya mutu.

Mahauci ya ce daga ɗaya gefen, “Malam, waɗannan 'yan sama-jannatin naka kallo suka zo, ko kuwa?”

Sai na ji makarar ta fara karkata ta wajen tela. Na ɗaga murya na kira ɗan Hajiya. Ya matso yana tafiya da ƙafafunsa a ƙasa, yana jan babur ɗin a hankali.

Na ce, “Kai, sauko ka karɓi telan nan. Gwiwarsa ta ƙare.”

Ya dubi makarar, ya dube ni. “Ankul, ai ba a san abin da ya kashe shi ba. Dadi ya ce kada mu kuskura mu taɓa komai.”

“Ga safar fata a hannunka har gwiwar hannu, ga kwano a kanka, ko kunama ba ta da ta inda za ta shige ka. Ƙarfe za ka kama. Kakanka ne a kai.”

“Na sani, Ankul, wallahi na sani. Kuma matsalar, in na kafe mashin ɗin a nan, kwaltar ta yi laushi, ƙafar za ta nutse ya faɗi. Ba a tayar da shi da mutum ɗaya.”

Mahauci ya ce, “Kawo in riƙe maka, ɗan gata. In ya faɗi sai in yanka shi in sayar kilo-kilo.”

Wani daga cikinsu ya yi dariya a cikin kwanonsa. Ya ɗauka wasa ake yi.

Na juya ga na kusa da shi na ce, “To kai fa?” Ya nuna kunnensa, wai ba ya ji. Na gaba ya sauke gilashinsa. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, kowa cikin ladabi ya ƙi. A ganinsu ma sun yi abin kirki, sun fasa yawonsu sun zo suna tafiyar hawainiya a bayan gawar talaka, injinansu suna zafi.

Muna hango ƙofar, tela ya ce, “Ku sauke. Don Allah ku sauke, zan faɗi da shi.”

Na ce, “Daure, saura kaɗan.”

“Ba zan iya ba, wallahi ƙafar ta mutu.”

Liman ya jefar da sandarsa ya shiga zai karɓa. Mutum ne da ya haura saba'in, kafaɗarsa ko kaiwa ƙarfen ba ta yi ba. Makarar ta yi baya, na ji Kawu ya zame a cikinta. Abu biyu ne ya rage, ko mu sauke shi ko ya faɗo. Na ce a sauke.

Muka ajiye shi a kan kwalta, a gefen kwata, kusa da wani teburin mai sayar da fetur da aka kife. Tela ya zauna a ƙasa ya riƙe gwiwa yana hawaye yana ba ni haƙuri, shi da ba shi da laifin komai. Baburan suka tsaya suka kewaye mu, ba wanda ya kashe inji. Ɗaya ya zaro robar ruwa mai sanyi daga jakarsa ya miƙo mini, da azumi, da rana. Wani ya ce, “Ko a kira motar asibiti ne?” Ina duban likkafanin, inda ya ɗan zame ta wajen ƙafa, na durƙusa na gyara.

Ɗan ga-ruwan ne ya ce, “Baba, ka iya ɗaukar gaba kai kaɗai? Mu biyu mu riƙe baya.” Na shiga tsakanin ƙarafan biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, muka ɗaga. Ban san yadda muka ƙarasa ba. Na dai san masu haƙar kabari sun hango mu daga bakin maƙabarta, suka yar da magirbi suka rugo suka karɓe mu, jikinsu duk jar ƙasa, ba su tambayi abin da ya kashe shi ba.

Masu rakiya ba su shiga ba. Daga bakin ƙofar ƙasa ce da yashi, tayoyinsu kuwa na kwalta ne. Suka jeru, suka murza totur na ƙarshe mai tsawo, suka juya. Muna zuba ƙasa ina jin ƙararsu tana zagaya Dala. Da sauran lokaci kafin shan ruwa, ga titi ba kowa.

Bayan magariba Hajiya ta kira ni. Muryarta ta ɗan washe. Ta ce ɗanta ya turo mata bidiyo, ta kalla ta sake kalla, ta tura wa dangi. Ta ce, “Wallahi ɗan'uwa hankalina ya kwanta. Ina ta tunanin Baba zai tafi ba mutane, ashe rakiya aka yi masa ta manya. Har da fitilu.”

Na ce, “Hajiya, a bidiyon an nuna inda muka ajiye mahaifinki a kan titi?”

Can ta ce, “Wane titi?”

Na ce, “Ki tambayi ɗanki. Yana wajen, a zaune.”

Tun daga ranar nan, gaisuwar salla ce kawai take haɗa mu, ita ma a waya.

An buɗe gari, na koma bakin faci. Hanyata ta zuwa aiki ta wajen take bi, ba ni da wata. Mai fetur ya tayar da teburinsa, wata mata tana suyar awara daidai inda kan Kawu ya kwanta. Ba ta sani ba, ban kuma gaya mata ba. Su kuwa har yanzu suna fitowa ranar Lahadi, sai dai yanzu akwai cunkoso, a bayan 'yan adaidaita suke maƙalewa suna ta hon. In ɗan Hajiya ya hango ni yakan ɗaga hannu ya ce, “Ankul!” Ni kuwa sai in ci gaba da neman hujin tayar da ke cikin bahona.